Horon ƙarfi ga mata da taƙaddamar ma'aunin gwajin jiki

Horon ƙarfi shi ne duk wani motsa jiki da ake ɗora wa tsoka nauyin da ya fi wanda ta saba, ana ƙara shi sannu a hankali. Ya haɗa da ɗaga ƙarfe, da jan roba mai tauri, da amfani da nauyin jikin mutum kansa, kamar tsuguno da miƙewa. An daɗe ana ɗaukarsa harkar maza. Amma cikin shekaru 40 da suka wuce mata sun shigo sosai, a gasanni da wuraren motsa jiki da kuma aikin ɗamara. Shigowarsu ta tayar da tambayar da kotuna da rundunonin soja ke fama da ita har yau: idan za a ɗauki soja ko ɗan sanda ko ma'aikacin kashe gobara, da ma'auni ɗaya za a gwada mace da namiji, ko kowa da nasa?

Abin da bincike ya nuna game da jiki

Akwai bambancin ƙarfi tsakanin jinsunan biyu, kuma ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka yi a Kanada a 1993, wanda har yanzu ake yawan kafa hujja da shi, ya gano cewa ƙarfin hannuwan matan da aka gwada kusan kashi 52 cikin ɗari ne na maza, na ƙafafu kuma kusan kashi 66. Babban dalili shi ne yawan tsoka, musamman a ƙirji da kafaɗu da damatsa. Tazarar tana buɗewa ne lokacin balaga, sa'ad da sinadarin testosteron a jinin namiji yake ninka na mace wajen sau 15.

Sai dai wannan matsakaicin lissafi ne. Akwai matan da suka fi maza da yawa ƙarfi, kuma jikin mace yana karɓar horo. Nazarin da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama a 2020 ya nuna cewa idan an auna daga inda kowa ya fara, tsokar mace tana girma daidai gwargwadon ta namiji, a ƙarfin hannu ma mata sukan fi saurin ƙaruwa. Horo yana rage tazarar, amma ba ya shafe ta idan duka biyun suna horo iri ɗaya. Tsoron da wasu mata ke yi na cewa ƙarfe zai mayar da jikinsu irin na maza ba shi da tushe ga mai atisaye sau biyu ko uku a mako. Irin jikin da ake gani a gasar nuna ƙwanji yana ɗaukar shekaru na horo da abinci na musamman, wani lokaci har da ƙwayoyin da aka haramta.

Batun cewa mace ba ta aikin ƙarfi kuwa, wadda ta tashi tana daka da jan ruwa a rijiya dariya zai ba ta. A 1986 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa bincike kan matan Luo da Kikuyu na Kenya, wanda ya nuna suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu a ka ba tare da sun ƙona ƙarin kuzari ba.

Ta fuskar lafiya babu gardama sosai. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun shawarci duk baligi, mace ko namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Mata sun fi buƙatarsa saboda ƙashinsu yana saurin zaizayewa bayan ɗaukewar haila. A wani gwaji da jami'ar Griffith ta Ostireliya ta yi kan mata 101 masu raunin ƙashi, waɗanda suka yi wata takwas suna ɗaga nauyi na minti 30 sau biyu a mako ƙarƙashin kulawar ƙwararru sun samu ƙarin ƙwarin ƙashin baya kusan kashi 3 cikin ɗari, na sauran kuma ya ragu.

Yadda mata suka shiga fagen gasa

Tun a wasannin Olamfik na farko na zamani, a 1896, maza ke ɗaga ƙarfe. Mata sai a 1987 suka samu gasar duniya tasu, a Amurka, sannan aka buɗe musu ƙofar Olamfik a Sidni a 2000. A can ne Ruth Ogbeifo ta Najeriya ta ci azurfa a ajin kilo 75. Ta ɗaga jimillar kilo 245, daidai da María Isabel Urrutia ta Kolombiya wadda ta ci zinare. Nauyin jiki ne ya raba gardama, domin Urrutia ta fi ta rashin nauyi.

Sutura ma ta taɓa zama shinge. Dokar gasa ta buƙaci gwiwar hannu da ta ƙafa su fito fili don alƙalai su ga ko an miƙe su. A 2011 Kulsoom Abdullah, Ba'amurkiya 'yar asalin Pakistan, ta ƙalubalanci dokar, hukumar wasan ta duniya kuma ta amince da riga mai kama jiki wadda ke rufe hannu da ƙafa. Shekara biyar bayan haka Sara Ahmed ta Masar, tana da shekara 18 kuma kanta a rufe, ta ci tagulla a Rio, sannan ta ƙara da azurfa a Paris a 2024.

Ma'auni ɗaya ko biyu

A wasanni an raba ajin maza da na mata, saboda haka ba a gwada su da juna. A wajen ɗaukar aiki ne rigimar take. A Faransa, alal misali, gwajin motsa jiki na shiga aikin 'yan sanda yana da jadawalin maki daban ga mata da maza, abin da ake kira barème da Faransanci. Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa ana auna lafiyar jiki ne, kuma mace mai cikakkiyar lafiya ba za ta yi gudun namiji mai cikakkiyar lafiya ba, kamar yadda ba a neman ɗan shekara 50 ya yi na ɗan 20. Masu adawa suna cewa tiyon kashe gobara ko abokin aikin da aka harba nauyinsu ɗaya ne ko waye zai ja su. Kowane ɓangare yana da gaskiya a kan tambayar da yake amsawa, yawancin hayaniyar kuwa ta samo asali ne daga haɗa tambayoyin biyu a gwaji ɗaya.

Shari'ar da ta fi fayyace wannan ita ce ta Tawney Meiorin a Kanada. Ta yi shekara uku tana aikin kashe gobarar daji a lardin British Columbia ba tare da an same ta da gazawa ba. Sai gwamnati ta ɓullo da sabon gwaji wanda ya haɗa da gudun kilomita 2.5 cikin minti 11. Ta wuce sauran matakan, amma a gudun ta makara da daƙiƙa 49, aka sallame ta. A 1999 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci baki ɗaya cewa an nuna mata wariya. Kotun ba ta haramta ma'auni ɗaya ba. Ta ce dole mai ɗaukar aiki ya tabbatar cewa aikin kansa ne yake buƙatar ma'aunin, gwamnati kuwa ta kasa tabbatar da haka. A 2013 sojojin Kanada suka koma ga gwajin da aka gina bisa ainihin ayyukan soja, da mafi ƙarancin mizani ɗaya ga kowa. Cikinsa akwai ɗaga buhun yashi mai kilo 20 har sau 30 cikin minti uku da rabi.

A Amurka an yi ta kai da komowa. A watan Agustan 2015 Kristen Griest da Shaye Haver suka zama mata na farko da suka kammala horon Ranger mai tsananin wuya. A shekarar ce kuma rundunar Marine ta fitar da binciken da ya ce rukunin maza zalla sun fi na gauraye a kashi 69 cikin ɗari na ayyukan da aka gwada, kuma mata sun fi samun rauni. Duk da haka, a watan Disamba sakataren tsaro Ash Carter ya buɗe wa mata dukkan ayyukan fagen daga, muddin sun cika sharuɗɗa.

Sojojin ƙasa suka tsara sabon gwaji mai matakai shida da maki iri ɗaya ga kowa. A ciki akwai ɗaga ƙarfe daga ƙasa, da jan kaya mai kusan kilo 41, da lilo a jikin sanda ana ɗaga gwiwoyi zuwa gwiwar hannu. Wannan mataki na ƙarshe ya kayar da mata da yawa. Majalisar dokoki ta nemi a dakata a yi nazari mai zaman kansa, cibiyar RAND kuma ta ba da rahoto a 2022 cewa babu isasshiyar hujjar da ke nuna dukkan matakan suna hasashen ƙwazon soja a yaƙi. Sai aka cire lilon, aka koma bayar da maki bisa jinsi da shekaru. Ba duk mata sojoji ne suka yi murna ba. Tun a 2021 Griest ta rubuta cewa sassauta wa mata ma'auni a ayyukan yaƙi zai rage shirin runduna, ya kuma sa a riƙa yi wa matan da suka cancanta kallon waɗanda aka yi wa alfarma.

A watan Yunin 2025 aka sake fasalin gwajin. Ya koma matakai biyar, aka ware ayyukan fagen daga 21 waɗanda mace da namiji za su cika ma'auni ɗaya, ko da yake ana la'akari da shekaru. Sauran sojoji, irin su ma'aikatan jinya da direbobi da masu lissafi, suna nan kan jadawalin jinsi. A ƙarshen Satumba na shekarar sakataren tsaro Pete Hegseth ya shaida wa manyan hafsoshi a sansanin Quantico cewa ayyukan yaƙi za su koma kan mafi girman ma'aunin maza, ko da hakan zai sa babu macen da za ta cancanci wasu daga cikinsu. Masu sukarsa, ciki har da tsofaffin sojoji mata, sun mayar da martanin cewa tun 2016 matan da ke cikin waɗannan rundunoni suna wuce horon cancanta iri ɗaya da na maza.