Yaƙin Kona Na 1892 A Kan Tebur

Jama'a, akwai wani wasa da Turawa suka daɗe suna yi, wanda muke ganin ya kamata 'yan'uwa mazauna Yelwa su san da shi. Ana samun babban tebur a zana ƙasa a kai, da duwatsu da rafi da ganuwa, sannan a jera ƙananan mutum-mutumin sojoji da dawakai, a sake buga wani yaƙi na tarihi bisa ƙa'idoji. Asalinsa ba wasan yara ba ne. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar da irinsa ga rundunar Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, aka karɓe shi don koya wa hafsoshi dabarun yaƙi. Sai a 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wasan ya shiga gidajen mutane.

To, mu ba sai mun aro yaƙin Turai ba, domin garin nan da muke ci muke sha a cikinsa yaƙi ne ya haife shi. Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya hau gadon sarauta a 1874, ya yi shekaru yana fama da Jukunawan Kona ba tare da ya ci su ba. A 1892 wani hafsan Faransa, Laftanar Louis Mizon, ya hau kogin Binuwai da jiragen ruwa yana neman ya sha gaban kamfanin Ingila na Royal Niger Company. Ya ƙulla yarjejeniya da Sarki, ya ba da sojojinsa da igwa, aka faɗa wa Kona a watan Disamba na shekarar, garin ya faɗi. A 1893 sansanin yaƙin Sarki ya zama mazauninsa, wato Jalingo.

Abin da tebur zai nuna mana, wanda labarin baka ba ya nunawa, shi ne dalilin da ya sa aka daɗe ba a ci Kona ba. Mu Hausawa muna da son doki, in ana labarin yaƙi sai mu tsaya kan 'yan lifidi da masu sulke da kwalkwali, kamar dai su kaɗai suka je. Amma a gwada ɗora su a kan tebur mana. Doki a fili yana cin taku uku kafin ɗan ƙasa ya ci ɗaya. Da zarar an tara duwatsu a gefen Kona, dole ƙa'ida ta ce dokin ya koma taku ɗaya, mai lifidi ma da ƙyar, saboda nauyin kaya. Mai baka da yake ɓoye bayan dutse kuwa yana sakin kibiya a kowane zagaye. Bindigar toka fa? Sai an zuba albarushi, an cusa harsashi, an danna da sanda, saboda haka ɗan bindiga harbi ɗaya yake da shi a zagaye biyu ko uku, kuma ba lalle ya samu ba. Duk wanda ya buga wannan sau biyar zai ga mahayan Muri suna zuwa gindin dutse suna juyawa. Sai an ajiye igwar Mizon a tebur, wadda take kai wa inda kibiya ba ta kai, sannan lissafi ya sauya.

Kayan aiki kuwa ba sai an sayo daga waje ba. Wane ne a cikinmu bai gina dokin laka ba, ko bai hau dokin kara ba? Yumɓu da tsinke da ƙyallen atamfa sun isa, ƙwayar ludo ta yanke ko harbi ya samu. Kada malamai su tsorata, ba caca ba ce, ba a sa ko kwabo, dangin dara ne.

Sai dai akwai abin da dokin laka ba zai ɗauka ba, kuma nan ne ya kamata mu yi hattara. Bayan faɗuwar Kona an kashe mutane, an kama da yawa an mai da su bayi. Jikokinsu su ne maƙwabtanmu, da su muke ciniki a kasuwa, 'ya'yanmu da nasu aji ɗaya suke zama. Yawancin iyayenmu fatauci da neman abinci suka kawo su bayan an gama wannan yaƙi, don haka ba mu da nasarar da za mu yi wa kirari a ciki. In matasan ƙungiya za su kafa tebur, shawararmu ita ce kada a kafa shi sai an je wajen dattawan Kona an ji nasu bakin, domin abin da aka rubuta yawanci daga fada da Turawa ya fito, su kuwa sun san inda ganuwarsu ta bi da inda suke ɗiban ruwa. A gayyato matasansu, a buga sau biyu: wanda ya riƙe Muri da farko, a karo na biyu ya koma bayan dutse ya tsare Kona, da baka da kibiya, igwa tana fuskantarsa.