Asali da Ma'anar Sunayen Mata a Ƙasar Hausa

A yawancin littattafan da ake koyar da al'ada da su a makarantunmu, an kasa sunayen Hausawa gida biyu, wato na gargajiya da na Musulunci. Wannan rabo yana da sauƙin haddacewa ga ɗalibi, sai dai idan muka auna shi da tarihin sunayen mata, za mu tarar bai zauna daidai ba.

Mu fara da sunayen rana, waɗanda aka fi kawowa a matsayin misalin gargajiya: Ladi, Altine ko Tani, Talatu, Larai ko Balaraba, Lami, Jummai da Asabe. Dukkansu daga sunayen ranakun mako suka fito, su kuwa ranakun, tun daga Lahadi har Asabar, aro ne daga Larabci. Ke nan ba zai yiwu a ce Bahaushiya ta amsa sunan Talatu kafin cuɗanya da Musulunci ba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa da addinin a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kuma a cikinsa ne muke cin karo da Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, wadda sunanta Hauwa'u ne da ya bi bakin Hausawa. Sunayen da za mu iya kira na asali su ne masu bayyana halin da aka haifi yarinya a ciki: Kande ko Delu ga wadda ta biyo bayan maza, Auta ga ta ƙarshe, Marka ga wadda ta zo a tsakiyar damina. Mafi nauyi a cikinsu su ne na 'ya'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa tana nuna kamar ba ta damu da jaririyar ba, har ta jingina ta da juji, da fatan abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya raina wannan ya bar ta.

Sunan yanka, wanda ake raɗawa a rana ta bakwai, shi ne ya zo daga Larabci kai tsaye, kuma siffarsa tana nuna hanyar da ya biyo. Wasalin ƙarshe a Zainabu da Bilkisu, da gaɓar -tu a A'ishatu, Halimatu da Safiyatu, ragowar li'irabi ne, wato yadda malami ke furta kalma in yana karanta littafi. Balarabe ba ya kiran 'yarsa haka a hirar yau da kullum. Wannan ya sa muke ganin ta allo da zaure sunayen suka shigo. Daga nan harshe ya yi aikinsa: Khadija ta koma Hadiza da Dije, Ruƙayya ta koma Rakiya, Faɗimatu kuma ta haifi Fatsuma. Binta ma kalmar bintu ce, mai nufin 'ya, wadda ta rabu da sunan Faɗimatu 'yar Manzon Allah (SAW) ta tsaya da ƙafarta, kamar yadda Kubura ta rabu da Khadija.

Al'ada ba ta taɓa zama doka ba. Tagwaye mata Hassana da Usaina ne, mai bi musu kuma Gambo, amma Nana Asma'u (1793–1864), duk da cewa 'yar tagwaye ce, tare aka haife su da Hassan, mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Abubakar.

Akwai kuma alkunya, wadda a ganinmu ita ce ta fi yawaita sunayen mata. Idan aka mayar wa yarinya sunan kakarta, uba ba zai kama sunan mahaifiyarsa ba, suruka ma haka, sai yarinyar ta tashi da Uwani ko Ummi ko Hajiya, sunan yanka kuwa ya ɓuya har ranar shiga makaranta. Malaman firamare sun san rikicin da wannan ke haifarwa, inda yarinya guda za ta bayyana da suna biyu a rajista da takardar jarrabawa.

Da yawaitar makarantun Islamiyya da zirga-zirga zuwa Saudiyya, an sami sabon ayari irin su Nusaiba, Sumayya da Hanan, har Ladi da Kande suka fara zama abin tsokana a ajin birni, ana ce musu sunayen ƙauye. Abin da muke ba masu tsara manhaja shawara shi ne a kasa darasin gida huɗu: sunan yanka, sunan rana, sunan yanayin haihuwa da sunan alkunya, kowanne da tarihinsa. A darasin ƙa'idojin rubutu kuwa, ya kamata malami ya bayyana cewa daidaitacciyar Hausa ba ta da harafin kh, don haka Hadiza ba kuskuren Khadija ba ce, amma ɗalibar da iyayenta suka rubuta mata Khadija a takardar haihuwa, haka za a rubuta mata a rajista.