Ƙashi Ɗaya, Karatu Biyu: Nazarin Ma'anar Harafin 骨 a Japananci

Tsakure

Maƙalar ta duba harafin kanji 骨, mai nufin ƙashi, domin gwada ƙa'idar da ake koya wa baƙi cewa karatun gado, wato na asalin Japananci, na abin da ido ke gani ne, karatun aro daga Sinanci kuwa na zurfin tunani. Binciken ya nuna ƙa'idar ba ta riƙe wannan harafi ba.

Gabatarwa

Harafin zane 10 ne, yana cikin haruffa 2,136 na amfanin yau da kullum da gwamnatin Japan ta tabbatar a 2010, kuma a aji 6 na firamare ake koyar da shi. Ana karanta shi hone a gado, kotsu a aro. Masu koyarwa da dama suna raba karatun biyu kamar an sa wuƙa. Wannan rabo ne muke ja da shi, domin yana ɓatar da ɗalibi tun yana matakin farko.

Hanyar Bincike

An tattara sanannun kalmomin da harafin ya fito a cikinsu daga ƙamusoshi, aka kasa su bisa karatu da kuma ma'ana.

Sakamako

Hujja mafi ƙarfi tana cikin 骨折. Idan aka karanta shi da aro, kossetsu, ma'anarsa karayar ƙashi ce ta zahiri, wadda likita ke rubutawa a katin majiyyaci. Idan aka ƙara masa ɗafi aka karanta da gado, honeori, sai ya koma wahala da jajircewa, babu ƙashin da ya karye. Wanda ya ce aiki hone ga oreru yana nufin aikin ya sha masa kai. Ke nan aro ne ya riƙe jiki, gado ya tafi ga azanci, akasin abin da ake koyarwa.

Kotsu shi kaɗai ma ya rabu biyu. Bayan an ƙone gawa, dangi kan tsince ƙasusuwan da tsinkaye zuwa cikin tulu, daga ƙafa zuwa kai. Waɗannan su ne okotsu. Amma kotsu ɗin dai shi ne makamar sana'a da almajirin kafinta ke nema a hannun maigidansa. Hone kuwa yana kama ƙayar kifi, yana kuma kama manufar gwamnati: tun 2001, zamanin Firaminista Koizumi, ake kiran tsarin tattalin arziki na shekara honebuto, mai kaurin ƙashi.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne kosshi, jigon magana, da rokotsu, faɗa ba sakaye, sun bi tsohuwar ƙa'idar, kuma hone o oru, karya ƙashi, kan zo da ma'anar zahiri. Harafi ɗaya muka duba, a rubutaccen harshe.

Kammalawa

Ma'anar 骨 a cikin kalma take zaune, karatu ba ya yanke ta. Ya kamata a koyar da kossetsu da honeori tare, a darasi guda.