Kaboyi a Ƙasar Hausa: Daga Allon Silima zuwa Bakin Mutane

Duk ɗalibin da ya taɓa nazarin kalmomin aro ya san cewa kalma ba ta shigowa harshe ita kaɗai; akwai abin da yake ɗauko ta. Kalmar "kaboyi" silima ce ta ɗauko ta. Hausa ta yi mata irin kwaskwarimar da ta saba yi wa baƙi, ta sassauta gaɓar farko, ta liƙa mata wasalin "i" a ƙarshe. Sai dai sauyin da ya fi jan hankali na ma'ana ne. A Ingilishi kalmar ba ta wuce mai kiwon shanu bisa doki ba, amma idan Bahaushe ya ce wane kaboyi ne, ba kiwo yake nufi ba. Yana nufin mutum marar tsoro, mai taurin kai, wanda ba ya jin bari. Yaya aka yi makiyayi ya zama tantiri?

Kaboyi na ainihi ɗan ƙwadago ne. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi arha a jihar Teksas, suna kuma tsada a biranen arewa. Sai aka riƙa ɗaukar samari haya su kora garke a ƙasa, tafiyar wata biyu ko uku, zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilin da ta fara karɓar shanu a 1867. Da yawa daga cikin samarin nan baƙaƙen fata ne da 'yan Meksiko. Sana'ar ba ta yi ƙarko ba. Cikin shekara ashirin da 'yan kai layin dogo da wayar shinge suka kashe ta. Wanda ya san masu koran shanu daga Arewa zuwa Badun da Ikko a ƙafa, to ya san wannan aikin sarai. Masu shirya fim ne suka ture shanun gefe suka bar doki da bindiga, tun daga The Great Train Robbery na 1903 har zuwa Stagecoach na 1939, wanda ya fito da sunan Jon Wen.

Wannan kaboyin da aka raba da garkensa shi ne ya iso Kano. A nan ya kamata a bambance abu biyu da ɗalibai kan cakuɗa. Majigi na hukuma ne, mota ce take yawo da shi gari-gari, a kafa allo a fili a nuna wa talakawa tsafta da noma kyauta. Silima kuwa kasuwa ce, sai da kuɗi ake shiga. Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan, su suka gina na farko-farko irin su Rex da Rio a wajen ganuwa. Silima ba ta sami maraba daga malamai da dattawa ba. Gobarar El Duniya a 1951, wadda ta ci rai 331, ta ƙara wa mutane ƙyamar wurin, kuma da aka zo buɗe Palace a Jakara, a cikin birni, sai da aka kai ruwa rana. Duk da haka samari ba su fasa zuwa ba.

Me suka gani a fim ɗin da yawancinsu ba sa jin harshensa? A ganina amsar tana kan sirdi. Al'ummar da ta san hawan sallah da sukuwa, wadda mawaƙanta suke wasa doki kamar yadda suke wasa mai shi, ba ta bukatar tafinta kafin ta gane gwanin mahayi. Ga ƙura, ga fili fetal, ga rana, duk abubuwan da ido ya saba da su. Labarin ma ba ya da wuyar bi: akwai "akta" akwai "bos", kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa. Waɗannan kalmomi biyu ma a benci na silima Hausa ta tsince su, har yau kuma yara suna amfani da su. Da Italiyawa suka shiga harkar, daga A Fistful of Dollars na 1964 zuwa Django na 1966, wanda jaruminsa ke tafe yana jan akwatin gawa da bindiga mai ruwa a ciki, sai magana ta ƙara raguwa, harbi ya ƙaru. Wannan kaboyin na biyu, marar gida marar dangi, shi ya fi kusa da ma'anar da kalmar ta zauna a kai a Hausa.

Wanda ya fara yi wa wannan sha'awa kallon tsanaki ba a Kano yake ba, a Nijar yake. A 1966 Mustafa Alasan, yana ɗan shekara 24, ya shirya Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya, fim ɗin da bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba, wanda ake yawan ambatawa a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya yi. Wani saurayi mai suna Jimi ya dawo daga Amurka da akwati, kuma tsarabar da ya yo wa abokansa ita ce malafa da takalma da bindigogi. Suna sawa sai suka yar da sunayensu na yanka. Wannan ya zama Black Cooper, an aro daga Gari Kufa na fim ɗin High Noon, wancan ya zama James Kelly, budurwar cikinsu ta zama Sarauniya Kiristin. Suka hau dawakai, suka shiga caca da shaye-shaye da sata, suka addabi ƙauyensu, har raƙuman dawa suka bi da sukuwa.

Mai kallo yakan fara da dariya, domin kayan sun yi wa samarin kyau kuma sun iya kwaikwayo. Dariyar ba ta daɗewa. A fim ɗin Amurka garin da kaboyi yake shiga sabo ne, ba sarki ba alƙali, sai mai saurin zaro bindiga ya zama doka. Alasan ya ɗauko wannan mutum ya ajiye shi a garin da yake da mai gari da dattawa da iyaye, garin da kowa ya san ɗan wane ne kai. A nan mai bindiga ba mai ceto ba ne, ɗa ne da ya fi ƙarfin ubansa. Ƙarshenta samarin suka juya bindigogin a kan junansu. Wani abin takaici ya biyo baya a waje da allo: Zalika Sule, wadda ta fito a matsayin Kiristin, ta sha zagi da tsangwama daga mutanen da ba su raba ɗan wasa da rawar da ya taka ba, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗin da ta yi a kan rayuwarta a 2004.

Ina ganin abin da Alasan ya hango shi ne kuma dalilin da ya sa kaboyi bai riƙe kasuwar ƙasar Hausa ba. Tun daga shekarun 1950 Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya, kuma a cikinsu Bahaushe ya ga uwa da uba, auren dole, kunya da gaba tsakanin dangi. Kafin shekarun 1990 yawancin dararen mako a silimun Kano na Indiya ne. Da masana'antar fim ta Hausa ta kankama, daga Turmin Danya na 1990, soyayya da waƙa ta ɗauka. Doki ya tsaya a fina-finan sarauta, malafa kuwa ba ta sami gurbi ba.

Yau kaboyi ya dawo ta waya, ba ta silima ba. Samari suna tura wa juna Django Unchained na 2012 da The Harder They Fall na 2021, inda baƙaƙen fata suke kan sirdi, abin da tarihi ya tabbatar amma tsofaffin fina-finai suka ɓoye. An yi ta yaba wa waɗannan a matsayin sabon abu. Mustafa Alasan, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aiki daga garin Tawa, ya rasu a 2015, shekara 49 bayan ya ɗora baƙin kaboyi a kan doki.