Daga Cikin Fijo Zuwa Tsakar Gida: Tarihin Batirin Mota da Ƙaramin Janareta

Mai karatu, in ka zaga Kakuri, Makera, Nasarawa ko Sabon Tasha da daddare, za ka ga batirin mota a wuraren da babu mota ko kusa. Yana ƙarƙashin teburin mai shayi, yana jikin lasifikar masu wa'azi, yana cikin kayan waɗanda za su kwana a gona ko a rugar da wayar wuta ba ta kai ba. A gefensa kuma ga ƙaramin janareta na ta ƙugi, ana yi masa caji. Kuka dai ɗaya ne: batirin da kan yi shekara biyu ko uku a mota, nan wata shida ya sheƙa. Dalilin yana cikin tarihinsa.

A 1859 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, ya tsoma faifan dalma guda biyu cikin asid, wanda mu muke kira ruwan batir, ya samar da batirin farko da ake iya sake yi wa caji. A 1881 Camille Faure ya inganta shi ta hanyar shafa wa faifan kwaɓin dalma. Har yau wannan tsarin ne a motarka: ɗakuna shida, kowanne yana ba da volt 2.1, jimilla 12.6 in ya cika.

Motocin farko da hannu ake tayar da su, a zura ƙarfe a gaban inji a murɗa, wani lokaci ya dawo ya karya wa mutum hannu. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki, ƙirar Charles Kettering. Daga nan aikin batirin mota ya tsaya a abu ɗaya: ya ba da amfiya ɗari da wani abu ko fiye cikin 'yan daƙiƙu, inji ya tashi, nan take a mayar masa da abin da ya kashe. Shi ya sa aka yi faifansa sirara masu yawa. Ɗan tseren mita ɗari ne, ba a shirya shi don doguwar tafiya ba. A shekarun 1950 aka koma volt 12 daga 6, a 1960 kuma Chrysler ya fara sa altaneta a motocin kasuwa, tana yin caji a kan volt 14 ko kusa da haka, da na'urar da ke hana ta wuce gona da iri.

To, ya aka yi ya fito daga mota? A nan labarin ya zo gida. Kudancin kogin Kaduna shi ne unguwar masana'antun Arewa. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, inda Fijo 504 ta yi ta fitowa tana cika titunan ƙasar nan. Inda mota ta yawaita, dole bakanike da rewaya da mai cajin batir su yawaita, tsofaffin batura kuma su samu a araha.

Ita kuwa wuta ta kasa bin yawan jama'a. An buɗe madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, aka gama ta Shiroro, wadda ke kan kogin Kaduna kansa, a 1990, mai ƙarfin megawat 600. NEPA ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Suna ya yi ta canzawa, ɗauke wuta na nan. Rashin wutar na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun, shi ne kuma ya sa magidanta suka riƙa cire batir daga mota suna kunna rediyo, ƙwai da ƙaramar talabijin.

Janaretan ɗauka da hannu ma tsohon abu ne, don tun 1965 kamfanin Honda na Japan ya fito da E300. Amma wanda ya shiga gidan talaka shi ne ɗan ƙaramin nan na ƙasar Sin, irin su Tiger, da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wanda 'yan Kudu suka yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" a Turancin Buroka. A 2015 hukumar kwastam ta sanar da hana shigo da shi da yawa, amma har gobe yana kasuwa. A jikinsa akwai wani ɗan soket da aka rubuta volt 12, amfiya 8 da ɗoriya. Nan ne aka ɗaura auren batir da janareta.

Auren dai akwai gyara a cikinsa. Na farko, in ka bar batirin mota ya zube ƙasa warwas, wani farin gishiri mai suna sulfet yana daskarewa a jikin faifan, caji ba ya iya narkar da shi duka. Kowace zubewa tana rage masa kwana. Na biyu, a yawancin ƙananan injinan nan soket ɗin ba shi da na'urar tsayar da caji irin ta altaneta. Batir ya cika, shi bai sani ba, sai ruwan ya hau tafasa yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Na uku, lissafi. Batir mai amfiya-awa 60 da ya sauka rabi yana neman 30, wato awa huɗu ko fiye a kan amfiya 8. Wat 100 kacal kake amfana da shi daga injin da zai iya ba da ɗari shida. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ka san wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Don haka in tafiyar kwana ta kama ka, samu cajar batir mai tsayawa da kanta ka jona ta a soket ɗin volt 220, a lokacin da dama ka tayar da injin don wani aiki. Kada ka bar batir ya sauka ƙasa da volt 12.2, wato kusan rabi. In ruwansa ya ragu, ƙara masa tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ban da na rijiya. Kashe caja kafin ka cire wayoyi, don tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa batir. In batirin motar da za ta mayar da kai gida ne, ƙyale shi ya yi aikinsa, ka nemi irin na sola, mai faifai masu kauri, wanda aka yi don a sha shi a hankali.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai rai a ciki: janareta a waje yake kwana, nesa da ƙofa da taga da bakin tanti. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta sha kashe iyali guda cikin barci a ƙasar nan. Ko ruwa ake tsugawa, yi masa rumfa can gefe, ka bar shi a can.