Ƙuda a Kwalbar Madara: Ɗalibai da Ƙananan Halittu a Binciken Gado

A shekarar 1910, a Jami'ar Columbia da ke birnin New York, Thomas Hunt Morgan ya tsinci wani ɗan ƙuda namiji mai fararen idanu a cikin tarin 'yan uwansa masu jajayen idanu. Irin 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan ne da ke yi wa ruɓaɓɓiyar ayaba rubdugu, waɗanda masana ke kira Drosophila melanogaster. Morgan ya haɗa shi da mace mai jan ido, ya bi 'ya'ya da jikoki, sai ya tarar farin idon ya ɓace a 'ya'ya, ya sake ɓullowa a jikoki maza kaɗai. Daga nan aka fara danganta wata siffa takamaimai da wani kuromosom takamaimai, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta.

Morgan ne ya karɓi kyautar Nobel a 1933, amma da yawa daga cikin aikin ɗalibansa ne suka yi, a wani matsattsen ɗaki cike da kwalaben madara da warin ayaba. Alfred Sturtevant ko digirin farko bai gama ba a 1911 lokacin da ya lura cewa yawan rabuwar siffofi biyu a cikin zuriya na nuna nisan da ke tsakanin ƙwayoyin gadonsu a kan kuromosom. A dare guda, ya ajiye aikin gida da malamansa suka ba shi, ya zana taswirar ƙwayoyin gado ta farko a duniya, aka buga ta a 1913. Calvin Bridges kuwa da wankin kwalabe ya shiga ɗakin. Kundin digirinsa na uku shi ne maƙalar da ta buɗe fitowar farko ta mujallar Genetics a 1916, kuma shi ya kawo hujjar da ta gamsar da masu shakka cewa a kan kuromosom ƙwayoyin gado suke.

Ba a rasa haziƙan matasa a kowane zamani. Abin da ya bambanta waɗannan shi ne halittar da ke hannunsu. Ɗalibin digiri na uku yana da shekara uku zuwa biyar, kuɗinsa kaɗan, kuma ilimin gado sai an ga 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne kafin a ce komai. Ƙudan nan yakan tashi daga ƙwai zuwa balaga cikin kwana 10 a ɗumin digiri 25, mace ɗaya ta zuba ɗaruruwan ƙwayaye, kuromosom ɗinsa tagwai huɗu ne kacal. Cikin shekara uku ɗalibi zai ga zuriya kusan 100. Mai aiki da ɓera sai ya jira wata biyu zuwa uku kafin zuriya ɗaya ta haifi wata, mai nazarin shanu kuwa digirin zai ƙare bai ga jikokin saniyarsa ba. Wanda duk zai iya maimaita gwaji kowane mako biyu yana da damar yin kuskure sau da yawa ya gyara.

Ronald Konopka ya nuna haka a Caltech, a ƙarƙashin Seymour Benzer. A lokacin masana da dama ba su yarda cewa ƙwayar gado ɗaya za ta iya juya ɗabi'a sukutum ba. Konopka ya ba ƙudaje sinadarin da ke jirkita ƙwayoyin gado, ya shiga neman waɗanda agogon jikinsu ya rikice. Ya sami iri uku: ranar wani awa 19 ce, ta wani awa 28, na ukun kuma ba shi da tsarin dare da rana sam. Dukkansu matsalar a ƙwayar gado ɗaya take, wadda aka sa wa suna period. An buga sakamakon a 1971. A 2017 Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka sami Nobel saboda bayyana yadda wannan agogo ke aiki, ta hanyar nazarin ƙuda. Konopka ya rasu a 2015, bai ga ranar ba.

Wani lokaci ma halittar da ta fi ban mamaki ita ce daidai da tambayar. Carol Greider na ɗalibta a ɗakin binciken Elizabeth Blackburn a Berkeley, suna neman sinadarin da ke sabunta bakin kuromosom don kada ya gutsure. Sun zaɓi Tetrahymena, wata halitta mai ƙwaya ɗaya da ke rayuwa a kududdufi, domin tana da dubban gajerun kuromosom, ke nan bakunansu sun yi yawan da za a iya aunawa. Ranar Kirsimeti ta 1984 Greider ta ga alamar sinadarin, wanda aka kira telomerase, tana da shekara 23. Ita dai ba a manta da ita ba, ta raba Nobel na 2009 da malamarta da Jack Szostak.

Ga jami'o'in Afirka, inda kuɗin bincike ke da wuyar samu, wannan tarihi yana da amfani kai tsaye. Asalin ƙudan ma daga Afirka ne kudu da Sahara, kuma wani bincike na 2018 ya nuna cewa na daji a Zimbabuwe 'ya'yan danya ya fi so. Abincinsa a ɗakin bincike bai wuce garin masara da yis da sukari ba, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo cuta a mutum suna da takwarori a jikinsa. Wannan ne ya sa ƙungiyar TReND in Africa, wadda Lucia Prieto-Godino da Sadiq Yusuf da Tom Baden suka kafa, ta yi ta horar da matasan masana kan aiki da ƙwari, kuma a Jami'ar Ibadan Amos Abolaji ya gina ɗakin bincike a kan wannan ƙuda.

Sai dai masu tallata arhar ƙuda sukan tsallake wani abu. Ba a saba adana irinsa a ƙanƙara ba yadda ake yi wa yis ko tsutsar C. elegans, dole a riƙa sauya masa kwalba yana raye duk bayan 'yan makonni. Idan zafi ya haura digiri 30, mazan sukan daina haihuwa. A Sakkwato ko Damagaram, inda bazara ke kaiwa digiri 40 da ɗoriya, ɗaukewar wutar lantarki ta 'yan kwanaki ta isa ta shafe aikin shekara. Na'urar daidaita ɗumi da wutar sola su ya kamata a fara sawa a kasafin kuɗi, kafin a yi maganar madubin hangen ƙananan halittu.

Akwai kuma tambayoyin da ƙuda ba zai amsa ba, komai arharsa. Cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, cuta ce ta jajayen ƙwayoyin jini, ƙuda kuwa ba shi da su. Masu nazarinta sai da suka jira har 1997, lokacin da ƙungiyoyi biyu a Amurka, ɗaya a Berkeley ɗaya a Alabama, suka samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayoyin gadon sinadarin jininsu aka dasa musu na mutum mai sikila. Ɗalibin da ya zaɓi wannan tambaya zai buƙaci ɗakin kiwon ɓeraye, da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, da malami mai tallafin da zai ciyar da su har a gama kundi.