Kiwon kare a Kudu: abin da ya kamata ka sani kafin ka haɗa barbara ko ka ɗora hoto

A damunar bara wani ƙanena da ke gadi a wani gida a Fatakwal ya zo ya same ni a Mile One idonsa jawur. Shekara biyu kafin nan ogansa ya ba shi 'yar kwikwiya kyauta, irin manyan karnukan nan na gadi. Ya raine ta a wani kango mai katanga da yake kwana a ciki, har ta haifi 'ya'ya bakwai. Murna ta sa ya ɗauki hotuna ya zuba a Facebook da WhatsApp, ya haɗa da lambar wayarsa. Kwana uku tsakani wasu mutum biyu suka zo ganin kaya. Sun taya, ba su saya ba, amma cikin hira ɗayansu ya tambaye shi ko yana zuwa masallaci ranar Juma'a. Ya ce ƙwarai. Da ya dawo daga sallar Juma'ar nan ya tarar an zuba wa uwar wani abu a nama tana kwance tana numfarfashi, 'ya'ya biyar babu su. Da na karɓi wayarsa na duba hotunan, ga ƙofar kangon nan fes, ga allon shagon mai walda da ke maƙwabtaka da shi har da sunan layi. Ko bai ba su kwatance ba, hoton ya ba su.

Wannan ne ya sa na zauna na tattaro abin da na sani game da harkar, domin yaranmu da yawa a Diobu, Oyigbo, Anacha da Garkin Inugu sun fara shigarta. Wasu ta hanyar gadi suka koya, wasu kuma sun ga ana sayar da ɗan kwikwiyo ɗaya a kuɗin da ya fi albashinsu na wata.

Na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da kiwon kare. Ai mafarautanmu da makiyayanmu ba su taɓa rabuwa da shi ba. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta, na kiwo da na gona, malaman Malikiyya da dama kuma suka shigar da na gadin gida idan akwai buƙata. Sananne ne cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da muka karanta a zaure, ya ajiye kare a gidansa don tsaro lokacin da zamani ya lalace. Batun cin kuɗin kare kuwa akwai saɓani a cikinsa, kowa ya je ya tambayi malaminsa. Ni abin da ke gabana shi ne: wanda ya riga ya ajiye, wane haƙƙi ne ya hau kansa?

Barbara ba wasan yara ba ce

Karya tana neman namiji kamar sau biyu a shekara, kuma tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63. Babban kuskuren da nake gani shi ne haɗa ta da namiji tun a karon farko, tana wata bakwai ko takwas, ita kanta ba ta gama girma ba. Manyan karnuka irin Boerboel, wanda asalinsa Afirka ta Kudu ne, da Rottweiler da karen Jamus da muke kira Alsatian, ƙashinsu ba ya gama ƙwari sai sun kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kafin nan a bar ta. Kuma ba a mayar da ita injin haihuwa, duk wata shida ciki. Wadda aka yi wa haka za ka gan ta ta rame, gashi ya zube, 'ya'yan kuma su fito ba ƙwari.

Na biyu shi ne haɗa jini ɗaya: uba da 'yarsa, ko wa da ƙanwarsa, don gudun biyan kuɗin namiji a waje. Duk cutar da ke ɓoye a zuri'ar nan take fitowa fili. Karen Jamus da Rottweiler an san su da lalacewar gaɓar ƙugu, kuma gadonta ake yi. Idan ka ga uba yana ɗingishi ko yana jan ƙafar baya tun yana matashi, kada ka haɗa shi da karyarka ko kyauta ne. Hali ma ana gadonsa. Karen da ke cizon yaran gidan da yake ciki ba jarumi ba ne, matsala ne, kuma bai kamata a yaɗa irinsa ba.

Sai batun wuri. Wanda ya san Mile One ya san yadda gidajenmu suke: ɗaki na kallon ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, yara ko'ina. A irin wannan gida babu inda za ka ajiye karen da ya kai kilo 50. Na taɓa ganin wanda ya kulle irin karen nan na ƙasashen Kokesas, mai gashi kamar tunkiya, a kejin ƙarfe ƙarƙashin kwano, a zafin Fatakwal. Dabbar da aka halitta don duwatsu masu ƙanƙara! Ba ta kai shekara ba. In ba ka da fili mai katanga, da inuwa, da ruwa kullum, da amincewar mai gida, to haƙura ya fi. Karen gida namu na gargajiya ma ya fi jure zafi da kaska, ga shi da kunne, ga sauƙin ci.

Allura da magani

'Yan kwikwiyo ana fara ba su maganin tsutsar ciki tun suna mako biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu har su kai wata uku. Allurar rigakafi ta farko ana yin ta tsakanin mako shida da takwas, ita ce ke kare su daga cutar da likitoci ke kira fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ke iya share ɗaki guda cikin mako ɗaya. Akwai ƙarin allurai biyu bayanta, tazarar mako uku zuwa huɗu. Ba a raba ɗa da uwarsa kafin mako takwas. Masu gaggawar kuɗi suna sayarwa a mako huɗu ko biyar, ya je ya mutu a hannun mai saye, rigima ta dawo wurin Sarkin Hausawa.

Allurar ciwon haukan kare ita ce ba a wasa da ita. Ana yi a wata uku, sannan a sabunta duk shekara, likita ya ba ka kati mai kwanan wata da sa hannu. Ka adana katin nan kamar takardar fili. Ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, kai baƙo a garin mutane, shi ne zai tsaya maka a gaban 'yan sanda da dangin yaron. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa wannan allura a nan gida. Jami'ar Nsukka tana da asibitin koyarwa na dabbobi, jami'ar aikin gona ta Umudike ma tana horar da likitocin dabbobi, kuma kowace jiha tana da sashen kula da lafiyar dabbobi. Saboda haka babu dalilin miƙa kare ga mai yawo da sirinji a jaka. Allurar da ba ta kwana a firji ba ruwa ce kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ne. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don fara allura. Ba a jira a ga abin da zai faru, kuma ba a tsaya ga tofi ko shafa gashin karen a ciwo. Shi kuma karen a killace shi kwana goma ana lura da shi.

Wani ɗan abu ga 'yan uwana masu gwari: albasa tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffiya. Ragowar miyar da ta sha albasa ba abincinsa ba ce. Haka maganin ciwon jiki na mutane, kada a ba shi.

Abin da hoto yake faɗa

Mu koma kan ƙanena. Kare a Kudu kuɗi ne ta fuska biyu. Mai tsada ana sayar da shi ga masu kiwo, na gida kuma yana da kasuwar nama, wanda a Kalaba da Akwa Ibom ake kira 404. Har daga kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato ake lodo su zuwa can. Wato duk karen da aka sace akwai mai saye. Ba mu kaɗai ba ne ma: a Amurka a 2021 an harbi mai yawo da karnukan mawaƙiya Lady Gaga aka gudu da biyu, Birtaniya kuma a 2024 ta kafa dokar da ta mayar da satar kare laifi mai zaman kansa.

Hoto yana tona asiri ta hanya biyu. Ta farko ita ce abin da ido ke gani a bayan karen: launin ƙofa, lambar gida, lambar mota, allon shago, tsayin katanga, ko akwai waya a samanta ko babu. Ga maigadi abin ya fi muni, don gidan ogansa yake nunawa. Ka ɗauki bidiyo kana wasa da kare a farfajiya, ka nuna wa duniya inda janareta yake, inda ake kulle karen da rana, da cewa in an kira sunansa yana kaɗa wutsiya. Idan wani abu ya faru a gidan, wa za a fara kamawa? Mai bidiyon.

Ta biyu ba a ganinta. Wayoyin zamani suna rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗinsa idan an bar alamar wuri a kunne. WhatsApp yana goge wannan bayani idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin fayil, wai don kada ya dushe, yana tafiya da shi. Shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri, minti ɗaya ne.

Akwai kuma 'yan damfara da ba karenka suke so ba, hotonsa suke so. Su kwafe shi su buɗe shafi a Facebook, Instagram ko Jiji, su sa farashi mai rahusa, su karɓi kafin alƙalami da kuɗin mota, su kashe waya. Wanda aka cuta idan ya bi sawun hoton, kanka zai faɗo. In dole sai ka tallata, ɗauki hoton a jikin bango wanda ba komai a kansa, ka rubuta sunanka a kan jikin karen a hoton yadda ba za a iya yanke shi ba, kada ka faɗi unguwa. Mai saye ku haɗu a wajen likitan dabbobi ko wani wuri mai jama'a, kuma kada ka je kai kaɗai. In kai ne mai saye, sa hoton a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri, ka nemi kiran bidiyo a nuna maka ɗan tare da uwarsa, ka ga katin allura, sannan kuɗi su fita. Wanda ya ƙi kiran bidiyo ya riga ya ba ka amsa. Kuma kada ka yi amfani da sunan karenka a matsayin kalmar sirri ta banki ko ta waya, tunda ka riga ka shelanta shi.

Suna ma kansa yana jawo magana. A 2016 a jihar Ogun an kama wani ɗan kasuwa aka kai shi kotu saboda ya sa wa karensa suna Buhari, ya rubuta a jikinsa ya zaga da shi unguwa. Yadda abin ya yi mana zafi a lokacin, haka zai yi wa masu masaukinmu idan ɗanmu ya sa wa kare sunan wani nasu ya ɗora a TikTok.

Na bar maganar mafarauta a ƙarshe don ita ta fi nauyi. Ba mu manta da watan Maris na 2025 ba, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa Kano bikin sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu an ce masu garkuwa ne. Ba hoto ne ya jawo wannan ba, kuma babu abin da zai wanke waɗanda suka aikata. Amma ya nuna mana yadda ake karanta Bahaushe da makami a wannan yanki. Bidiyon samari a daji da garken karnuka da bindigar toka, wanda a Kano za a kalla a yi kirari, a nan wani zai sauke shi ya canja masa rubutu ya ce ga 'yan bindiga sun shigo dajin garinsu. Kafin a gano gaskiya ya zaga rukunin WhatsApp ɗari. Shugabannin mafarauta su hana yaransu ɗora irin wannan, su kuma tabbatar kowa yana da katin ƙungiya, kuma sarkin garin da 'yan sandan yankin sun san da zamansu.

Ita karyar ƙanena ta rayu, likita ya yi kwana biyu yana sa mata ruwa. 'Ya'ya biyun da suka rage ya sayar da ɗaya ya biya kuɗin magani, ɗayan yana nan. Bayan wata guda wani abokinsa ya turo masa talla daga Inugu: hotonsa ne, ƙofar kangon da allon mai walda duk suna ciki, an rubuta saura uku.